Kofur da Farar Tsuntsuwa

Da aka gama yaƙin Turawa, mazan ƙasarmu da aka ɗiba soja suka fara dawowa. Wani ya zo da keke, wani da keken ɗinki, wani da barguna da takalman da suka kai shi har tsufa. Ni kuwa da Allah ya tashi yi mini gata, sai maigidana ya dawo da madubin hangen nesa, irin mai ido biyu, ido ɗayan ma a tsage.

A lokacin muna zaune a wani ƙauye kusa da Randagi, a ƙasar Birnin Gwari. Kofur ya zama a soja, don haka kowa Kofur yake kiransa. A Masar aka ajiye su, suna sauke kaya suna gyaran hanya, sai wani hafsa ya ɗauke shi hidima. Shi kuma hafsan ba shi da aiki in ya samu hutu sai bin tsuntsaye. Ya ja maigidana cikin hamada, ya ja shi cikin fadamun kogin ƙasar, ya kai shi har bakin teku, duk don su tsaya su yi shiru suna kallon abin da yaran garinmu ke jifa da dutse. Da zai koma ƙasarsu ya ba shi madubin, ya haɗa masa da ciwon son tsuntsaye.

Na tambaye shi, "To, yaƙin fa?"

Ya ce, "Ni ban ga yaƙi ba. Amma na ga tsuntsaye."

Kullum bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma ya soma labari. Ya ga dalar Fir'auna, ya shiga kaburburan mutanen da, kuma a jikin bangon ya ga an zana agwagin ruwa da zalɓe, launinsu bai koɗe ba. Ya ce mini, "Kin ga ko mutanen Fir'auna sun san darajar tsuntsu."

Na ce, "Na gani, maigida. Na kuma ji yadda suka ƙare."

Daminar farko da dawowarsa, dawarmu ta yi kyau har mutane na tsayawa kallo. Da ta fara nuna, tsuntsayen jan baki suka sauka mata. Maƙwabta suna kaɗa gwangwani suna ihu a gonakinsu, shi kuwa yana gindin ɗorawa da madubi a fuska, yana ce mini in daina ɗaga murya, zan kore su. Ban kore su ba. Sai da suka ƙoshi suka tafi don kansu, suka bar mana kara mai kyau na danni.

Akwai wata tsuntsuwa da ta fi kowace shiga ransa. Fara ce, bakin fiffikenta baƙi, ƙafafu dogaye jajaye, ta yi kama da shamuwa amma ta fi ta girma. Ya ce ya gan su a hamada sun rufe sama, hafsan ya gaya masa daga ƙasar Turawa suke ƙetaro teku in sanyi ya kore su. Bayan girbi wani mai kiwo ya ba shi labarin ya ga irinsu a fadamar da ke bayan tsohuwar ganuwar birni. Ya je ya gani da idonsa, ya dawo kamar wanda aka yi wa albishir da ɗa namiji.

Ana cikin haka sai Baturen gandun daji ya zo rangadi. Dogo ne, fuskarsa ja kamar gauta, kuma aka ce shi ma mai son tsuntsaye ne. Ya nemi dagaci ya ba shi wanda ya san inda suke. Dagaci, da yake ya daɗe yana neman ranar da ciwon Kofur zai yi amfani, nan take ya aika a kira shi. Maigidana ya fito da tsohon kakinsa, ya goge maɓallan da toka, ya je ya ƙame. Da ya dawo ya ce mini, "Yau na samu ɗan'uwa. Mutumin nan ya san farar nan, har sunanta ya faɗa mini da Turanci."

Ƙanwata ta haihu a birni, ina ta neman abokan tafiya saboda dajin ba na mutum ɗaya ba ne, sai na bi ayarinsu. Bature a kan doki, maigidana a gefensa yana zuba Turancin bariki, 'yan dako a baya da akwatuna, har da bahon wanka da kujera, ni kuma can ƙarshe da ƙwarya a kai da goyo a baya. Tafiyar da mata masu tallan daddawa ke yi su huta kafin rana ta yi zafi, mu sai da ta kusa cinye mana yini. Ko ganye ya motsa sai Bature ya ɗaga hannu, kowa ya tsaya cak. Mutanen da kaya ya danne wa wuya su tsaya a rana, ƙudan tsando na cizonsu, manya biyu na kallon kurciya. Wani ɗan dako ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Uwar ɗaki, in kurciya suke so, ai akwai ta a kan rumbuna."

Da muka iso ganuwa, Bature ya sauka daga doki. Ta zube a wurare da yawa, kuka da tsamiya sun fito a jikinta, amma inda ta rage tana da kauri har mutum ya yi tafiya a kanta. Ya zagaya, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya tsinci fasassun tukwane yana jujjuyawa. Sannan ya yi dogon bayani, maigidana na fassara mana. Wai aiki irin wannan ba na mutanen nan ba ne, wataƙila wasu ne suka ƙetaro hamada a zamanin da, suka gina, suka koma. Muka ce madalla. Lallai mutanen kirki ne, su taso daga wata duniya su kwaɓa mana ƙasa, su tafi ba ko sallama. Maigidana ya ce, "Yesa," ya sake ƙamewa.

Fadamar na nan bayan ganuwar, ruwa ya ja baya ya bar laka da ciyawa, shanun Fulani na kiwo daga can gefe. Maigidana ya sa muka durƙusa bayan wani kurmi. Fararen tsuntsayen suna nan kuwa, 'yan kaɗan, suna takawa a hankali cikin laka kamar matan attajirai. Murna ta sa ya manta da kansa, ya miƙo mini madubin a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba. Na rufe ido ɗaya na duba ta ɓangaren da bai tsage ba. Sai ga ɗayarsu a gabana kamar in miƙa hannu. Na ga ƙwayar idonta, na ga iska na ɗaga gashin wuyanta, na ga ta cafko wani abu a ruwa ta haɗiye. Gaskiya ban so in sauke madubin ba. Ban dai gaya masa ba, don kada in ƙara masa ciwo.

Ina cikin kallon na ji ƙara a gefen kunnena, har goyona ya tsandara ihu. Sauran suka tashi, shanu suka watse. Wadda nake kallo ta kife a laka tana bugun fiffike. Bature ya miƙa wa yaronsa bindiga, yana murmushi, ya dafa kafaɗar maigidana ya nuna masa wurin da yatsa.

Maigidana bai motsa ba. Bature ya maimaita. Sai soja ya tashi a jikinsa, ya shiga laka da kakinsa har gwiwa, ya ɗauko ta rungume a ƙirji. Wani ɗan dako ya zaro wuƙa da gudu don a yanka kafin rai ya fita, Bature ya daka masa tsawa, wai za a ɓata masa wuyan. Haka ta mutu a hannun maigidana, mushe. Ba a bar ta ta tashi ba, ba a kuma bar kowa ya ci ba. A gindin tsamiya aka kafa kujera, Bature ya feɗe ta da kansa, ya cusa auduga a fatar, ya ce za a kai ta ƙasarsu a sa a gilashi mutane su riƙa gani.

Na ce wa maigidana, "To ai ka ce daga can ta zo. Da ya yi haƙuri, da ta koma masa da fiffikenta."

Bai yi dariya ba, bai kuma fassara ba. Ya zauna yana kankare laka daga wandonsa da tsinke. A gidan ƙanwata aka kawo masa tuwo da naman suna, ya taɓa kaɗan ya ture. Washegari Bature ya aiko ya zo ya nuna masa wata fadamar. Maigidana ya je ya ƙame, ya ce ta jiya ce kaɗai ya sani. Mutumin da ya san kowane tafki daga Randagi har Kusasu.

Duk da haka Bature ya yaba da shi ƙwarai. Kafin ya bar ƙasar ya sa aka ɗauke shi mai gadin gandun daji, aka ba shi sabon kaki da hula. Aikinsa shi ne ya kama duk wanda ya yi harbi ko ya sari itace a dajin gwamnati, domin a cewar Bature mutanenmu ba su san darajar halitta ba.

Ya riƙe aikin nan har Turawa suka tafi. Kullum da safe zai saka kaki ya shiga daji, ya dawo da yamma da ƙaiƙayi a jiki da labari a baki. A iya sanina mutum ɗaya ya taɓa kamawa, wani mai sassaƙa turmi da ya kayar da maɗaci. Shi ma suna hanyar zuwa wurin alƙali sai wasu tsuntsaye, burtu, suka gifta, maigidana ya ce masa ya tsaya nan kada ya motsa, ya bi su cikin ciyawa. Mutumin ya jira har ya gaji, ya ɗauki gatarinsa ya tafi gida.