Yadda Na Tsufar da Sabuwar Motata

Ɗana na fari, wanda bakina ba ya kama sunansa, shi ya taho da motar daga Kaduna. Ya ajiye ta a ƙofar gidanmu a unguwar Magajin Gari, ya ɗora mini makulli a tafin hannu a gaban mutane, ya ce, "Inna, taki ce." Jif ce fara sol, kujerunta duk a lulluɓe da leda. Ban iya tuƙi ba, ban taɓa zama a aji ba, amma na san abin da ake nufi da a ce tsohuwa tana da mota a unguwarmu, kuma ban ɓoye jin daɗina ba. Na sa aka mayar da tabarmata zaure, inda zan riƙa hango ta.

Ba don ado aka saye ta ba. Yayata, wadda ta goye ni bayan rasuwar uwarmu, tana wani ƙauye bayan Kakangi, ƙafafunta sun kumbura har ba ta iya taka ƙasa. Damina ta yi nisa, hanyar ta koma kunu, babur kaɗai ke shiga. An gwada ɗora ta a babur, ta zame tun ba a fita gari ba. Likita kuma ya ce ba ya ba da magani ga ƙafar da bai gani ba. Da mota ta zo na aika mata ta bakin 'yan kasuwa: ta ɗaure kayanta, ga ni nan tafe a motar da garinsu bai taɓa ganin irinta ba.

Direbana taubashina ne, ɗan kawuna, wanda ya yi furfura yana jan motar kasuwa a wannan hanya. Tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Muka kama hanya da safe, ni a gaba, na sha ado. Ba mu yi rabin tafiya ba muka iso rafin da ake ƙetarawa. Ya sa giyar da ke sa tayoyin su ja gaba ɗaya, muka shiga, sai na ji wani abu ya daki motar daga ƙasa har cikin haƙorana. Dutse ne. Muka hau tudu, baƙin mai na bin mu a baya kamar an yanka akuya.

"Hajiya, motarki ta yi fitsari," in ji shi.

"Ta ga fuskarka ne ta tsorata."

Tarakta ta janyo mu zuwa gari, mutane na leƙe ta kan katanga.

Daga nan zamana ya koma gareji. In na idar da walaha sai in yafa mayafi in tafi in tsaya a kan bakanike. Ya liƙe inda ya fashe. Ya ce cikin motar ya yi ƙasa da yawa, sai an ɗaga ta, aka ɗaga. Ya ce sai mai walda ya shimfiɗa mata farantin ƙarfe a ƙasa, aka shimfiɗa. Tayoyi kuma sai an aiko da masu manyan haƙora daga Kaduna, aka zauna jira. In koma gida in kasa zama, in shiga ɗaki in fito, in ɗora tukunya in manta da ita. Duk ranar kasuwa saƙo na zuwa: kumburin ya kai gwiwa, ya wuce gwiwa, ta daina kwanciya sai a jingine.

Shi kuma ɗana yana can yana ƙara wa bakanike aiki ta waya. A sa mata ƙarfen gaba mai kauri. A jera mata fitilu a kan rufi. A manna wa gilashin baƙar leda don kada rana ta dami Inna. Ban hana ba. Ranar da aka gama, motar ta tsaya kamar ingarma, yara na zagaye ta, na ce a raina yau Birnin Gwari za ta san na haifa.

Taubashina ya zo, ya zagaye ta a hankali, ya miƙo mini makulli.

"Nemi wani direban."

"Tsufa ne ya kama ka, ko tsoro?"

"Duka biyun. Hajiya, ke kin ga mota. Mutanen daji masu bindiga da ke kan bishiya suna gadin hanya ba mota za su gani ba. Fara, doguwa, baƙin gilashi, fitilu a sama, ƙarfe a gaba. Wa ke shiga irin wannan in ba masu kaki ba? In mun yi sa'a su bar mu mu wuce. Mu ɗauko Yaya mu dawo, ki kwanta a gadonki. Su kuwa su je gidan da muka tsaya, su tambayi 'ya'yanta wa ya kira hukuma."

Na san gaskiya ya faɗa. A ƙauyukan nan tun daga nesa ake karanta mota, kafin a ga mai ita an gama yanke ko ta wace ce.

Na kira ɗana. Ya ce, "Inna, ki yi haƙuri in zo ƙarshen wata mu yi shawara."

Na ce, "Ƙafar yayata ba ta san ƙarshen wata ba. Da bakinka ka ce tawa ce, ko aro ka ba ni?"

Na sa bakanike ya kwance fitilun da ya ɗaura jiya, yana yi yana tsaki. Aka ɓare baƙar ledar gilashi, aka yage ta kujeru. Ƙarfen gaba ya ƙi fita tunda walda ce, sai muka rataya masa tsummokara da tsofaffin jarkoki. Saura farin fentin. Na ɗebo jar laka a bayan gida, na kwaɓa ta da kashin shanu yadda muke yi wa daɓe don ta kama, na naɗe hannun riga na shiga shafawa da kaina. Maƙwabciyata ta leƙo ta ce, "Hajiya, lafiya?" Na ce lalle nake sa mata. A kan rufi muka ɗaure turmi, da tabarmi, da buhunan dusa, da kwandon kaji. Na cire 'yan kunnena, na ɗaura zanen da nake surfe da shi.

Taubashina ya dube ni, ya dubi motar, ya ce, "Yanzu kun yi kama."

Muka tafi gilashi a sauke don a ga tsohuwa ce a ciki. A rafin nan dutsen ya sake dukanmu, farantin ya yi ƙara, ba abin da ya zuba. Bayan Kakangi muka tarar da mutanen dajin a gindin wata ɗorawa, babura a jingine, bindigogi a cinya. Carbi ya tsaya a hannuna. Suka dubi turmin, suka dubi kajin, ɗaya ya bi tayoyin da kallo. Ba wanda ya tashi.

'Ya'yanta suka fito da Yaya a kan tabarma, ta rame daga sama, daga ƙasa kuwa kamar an hura ta. Ta ɗaga kai ta ƙare wa motar kallo.

"Wannan ce aka cika mana kunne da ita? Ta mai kifi ta fi ta kyan gani."

"Yaya, shiga ki yi shiru."

"Wari ma take yi."

Na riƙe ƙafafunta a cinyata duk tsawon hanya, kowane rami sai ta ambaci Allah ta kuma zagi direba. Kafin la'asar muna asibiti. Likita ya danna ƙaurinta da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi dawowa, ya ce da an ƙara jinkiri ruwan zai kai ƙirji. Aka kwantar da ita. Daga ƙauye kuma saƙo ya zo cewa ba wanda ya je gidansu da wata tambaya.

Da aka sallame ta na dawo da ita gidana. Ana girbin dawa ta fara takawa, tana dafa bango daga ɗakina zuwa bakin rijiya. Ranar da ta kai zaure da ƙafarta ta tsaya tana haki, ta dubi hanya.

"Gobe ki sa a mayar da ni. Na bar awakina a hannun yara."

"Ki bari ki ƙara ƙarfi."

"Na ji. Jibi ke nan."