Nonon Bayan Feshi

Abin da na fara gani ranar da na isa gidan Kaka shi ne rigar Baffa a shanye a jikin zana. Tsohuwar riga ce shuɗiya, amma bayanta ya koɗe daga kafaɗa zuwa ƙugu, koɗewa mai kusurwa huɗu, kamar an ɗora akwati a kai an bi gefensa da alli. Da na matsa kusa sai na ji wani wari mai kama maƙogwaro, ba na gumi ba, ba kuma na kananzir ba. Shekarata tara a lokacin. An ba mu dogon hutu, mahaifina ya ɗauko ni a babur daga Kiru zuwa ƙauyenmu da ke bayan Dangora, in ƙarasa damina a wajen mahaifiyarsa.

Baffa ƙanin mahaifina ne, shi ne autan Kaka. Gonarsa ba ta da girma, don haka ya riƙe feshi a matsayin sana'a. Duk wanda ciyawa ta fi ƙarfinsa, ko ƙwari suka sauka wa wakensa, sai ya aiko a kira shi. Yakan goya tankin a baya, hannun hagu yana buga famfo, na dama yana riƙe da sandar, ya bi kunya ɗaya bayan ɗaya har ya kai ƙarshen gona. Murfin tankin ya tsage, duk takun da ya yi sai ruwan maganin ya tsiyayo masa a gadon baya. Shi ne abin da ya ci launin rigar.

In ka taɓa zama a wajenmu da damina, ka san abin da ake cewa: wanda ya yi feshi ya sha nono, nono yana kashe dafin. Ban taɓa jin wanda ya yi musun wannan ba. Kaka kuwa ta riƙe shi kamar farilla. Kowace safiya wata Bafulatana daga rugar bayan rafi takan sauke ƙwaryarta a ƙofar ɗakin Kaka, ta ce, “A waali jam?” Kaka ta amsa da “Jam,” iyakar Fulatancinta ke nan. Sai ta sa a auna mata kindirmo mai kauri, ta duba da ludayi ko an surka shi da ruwa, ta rufe da faifai. Da na zo, kai nonon gona ya zama aikina.

Ni yarinya ce mara magana. A makaranta ko na san amsa ba na ɗaga hannu. Baffa yakan kira ni Malama Shiru, in ya hango ni tafe da kwanon a ka sai ya ce, “Ga likitana nan ta iso.” Nakan zauna a gindin wata ɗorawa in jira ya gama, ina kallo. A nan na ga yadda yake yi in bakin sandar ya toshe. Sai ya kwance ɗan kan, ya sa a baki, ya hura da ƙarfi, ya tofar, ya goge leɓe da bayan hannu. Da hannun nan yake ɓare goro. Ranar da ya lura ina kallonsa sai ya yi dariya.

“Kar ki kai wa tsohuwa rahoto. Ai ga maganin nan a kanki.”

Ya shanye nonon tas, ya miƙo mini kwanon. Ban kai rahoton ba.

A cikin wannan hutun ne wata mata ta zo daga wata babbar makaranta a birni. An ce bincike take yi a kan lafiyar masu feshi. Doguwa ce, tana da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, ga dogon takalmin roba a ƙarƙashin hijabinta. Aka shimfiɗa mata tabarma a ƙofar gidan mai unguwa, masu feshi suka taru, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Ni ina laɓe a bayan katanga tare da sauran yara.

Kowa ta tambaye shi ko yana rufe hanci da baki in yana aiki. Kowa ya ce, “Ƙwarai kuwa, ranki ya daɗe,” ya zaro takunkumi daga aljihu ya nuna mata. Ta rubuta. Baffa ma ya nuna nasa, ni kuwa ban taɓa ganinsa da shi ba. Sai na lura igiyar takunkumin ta taɓa tsinkewa an ƙulle ta da jan zare. Na na gaba ma haka, jan zare. Guda ɗaya ne tak, an aro shi a wajen mai sayar da maganin. Wanda ya gama sai ya zagaya bayan bishiya ya danƙa wa na gaba. Ba mugunta suka yi ba. Baƙuwa ce, ta sha hanya, ba sa son ta koma da ɓacin rai. Wasu kuma suna tsoron in sun faɗi gaskiya a zo a hana su sana'ar.

Da azahar aka kawo ta gidanmu ta yi salla. Kaka ta ce in kai mata buta. Na tsaya ina jira tana alwala. Da ta miƙo mini butar, na ce da ƙasa, ba da ita ba, “Guda ɗaya ne.”

“Mene ne guda ɗaya, ’yata?”

Na gaya mata. Na kuma gaya mata yadda ake hura bakin sandar. Da farko ta yi dariya har ta cire tabarau ta goge ido, daga baya dariyar ta ɗauke, ta daɗe tana kallon takardun da ta cika tun safe. Zancen nono ban yi mata ba, don a ganina wannan ba matsala ba ce, magani ne.

Washegari ba ta shimfiɗa tabarma ba. Ta bi su gona tun da sassafe, ta tsaya nesa kaɗan tana kallo kamar yadda nake yi. Bayan kwana uku ta je wajen telan garin da buhunan taki da ta wanke, ta sa ya ɗinka wani abu kamar riga mara gaba, mai rufe baya da kafaɗu, a sa kafin a goya tanki. Ta kuma ɗaura ɗan burushin goge haƙori a jikin kowace sanda, don a riƙa share toshiyar da shi. Baffa ya sa nasa ya zagaya tsakar gida yana taƙama.

“Iya, ki saye ni, takin zamani ne mai tafiya da ƙafa.”

Kaka ta ce ko kyauta aka ba ta ba ta so, gonar da aka zuba wa shi sai dai ta tsiro da surutu.

Mako ɗaya ya yi yana sawa ya ajiye. Buhun yana riƙe zafi, bayansa ya fito da ƙuraje. Na zaci Malama mai binciken za ta ji haushi, sai na ga ta zauna ta sa ya nuna mata inda ya fi damunsa, tana zanawa. Ta ce wannan gwajin farko ne, akwai gyara. Kafin ta tafi ta ɗebi jinin waɗanda suka yarda, ta jera a cikin wata ’yar kula mai ƙanƙara. Ta ce za ta dawo bayan girbi ta sake ɗiba, baɗi ma ta dawo da sabon ɗinki, a kwatanta a gani.

Aka yi girbi ba ta zo ba. Wata daminar ta zagayo, na sake zuwa hutu, ba ta zo ba. Burusan suka tsinke ɗaya bayan ɗaya, aka koma hurawa. Mutane suka ce ai haka ’yan birni suke. Wani ma ya ce jinin sayarwa aka yi.

Shekara uku bayan haka Fulanin bayan rafi suka tashi. Gonaki sun cinye burtali, ciyawar bakin hanya kuma duk ta sha magani, shanu suna ci suna zawo. Bafulatanar ta zo sallama, ta ce sun nufi wajen Doguwa. Daga nan nono ya yi wuya a ƙauyen, sai ranar kasuwa, Kaka kuma gwiwoyinta sun daina kai ta nesa. Daminar nan Baffa ya yi makonni yana feshi ba nono. Yakan ce mata, “Iya, bar wahalar da kanki, jikin ya saba.”

Ni na riga kowa lura da rawar hannunsa. In ya ɗauki kofin shayi sai cokalin ya riƙa kaɗawa a ciki shi kaɗai. Daga baya ya fara zama a tsakiyar kunya yana haki, tankin a bayansa. Bayan an cire masara ƙafafunsa suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Mahaifina ya kai shi asibiti, aka ce ƙoda ce. Mahaifina ya ce an tambaye su ko yana shan jiƙe-jiƙe, an tambayi ko akwai mai irin ciwon a dangi, amma ba wanda ya tambayi wane aiki yake yi. Ya rasu kafin ruwan fari ya sauka. Allah ya ji ƙansa.

Kaka ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta karɓi gaisuwa, ta ce kwana ne ya ƙare. Amma ranar da baƙi suka watse, ina tsince mata wake a faifai, sai na ji ta ce, kamar da kanta take magana, “Damina ɗaya na gaza.” Tun daga ranar ba ta ƙara sa nono a baki ba. Fura ma da ruwa take damawa. In mai nono ta yi sallama sai ta juya fuska wajen bango. Mahaifina ya yi mata magana, liman ya yi mata nasiha a kan ƙaddara, ta ce ta ji, ta kuma yarda. Amma duk zuwan da zan yi sai ta sake ba ni labarin makonnin nan, tana lissafa ranakun kasuwar da ya kamata ta daure ta je ko da rarrafe ne. Ta rame har awarwaronta yana zamewa zuwa gwiwar hannu.

Yanzu ina ajin ƙarshe a makarantar kwana. In na je ƙauyen nakan ga kusan kowane gida da tankinsa a rataye a zaure, fartanya ta koma ta tsofaffi. A kasuwa rumfunan maganin sun ƙaru, kwalabe kala-kala, wasu ma da hoton damisa. Samari suna feshi da singileti, in sun gama su fasa gwangwanin madara su shanye, tunda nono ya yi nisa. Nakan tsaya ina tunanin yadda ake samun abin da za a kawo wannan kaya har ƙauyen da mota ba ta shiga da damina, amma mace ɗaya mai son sanin abin da yake yi wa mai goya shi ta kasa dawowa sau biyu.

A zangon da ya wuce aka yi gasar kimiyya ta makarantu a Bebeji, aka tafi da ni don in riƙe allon ajinmu. A cikin alƙalan na gan ta. Ta yi ƙiba kaɗan, tabaran sabo ne, amma yadda take karkata kai in tana sauraro bai canza ba. Ba mu ci komai ba. Da aka tashi na bi ta a baya har bakin ƙofa, sau biyu ina juyawa in koma. A ƙarshe na gaishe ta, na ce ni ce yarinyar buta, ta ƙauyen bayan Dangora.

Ta gane. Ta tambayi mai barkwancin nan da ya ce shi taki ne. Na gaya mata. Ta yi salati, ta nemi dakali ta zauna.

Ta ce kuɗin da aka ba ta na shekara ɗaya ne. Ta rubuta neman ƙari sau da yawa, aka ce ta fara kawo shaidar cewa matsalar babba ce, shaidar kuwa ita ce aikin da take neman a ba ta ta ƙarasa. Jinin farko an auna shi, amma ba na biyun da za a kwatanta da shi. Zanen sabuwar rigar yana nan a durowarta.

Na ce, “Malama, maganin ne ya kashe shi?”

“Ban sani ba, ’yata. Ina da zato, amma zato ba sani ba ne. Abin da na je in sani ke nan.”

“To in da ya sha nono fa? Akwai daminar da bai samu ba.”

Ta dube ni sosai. “Wannan kam na sani. Nono abinci ne, ba ya tare wannan dafin. Ko kogin nono ya sha, abin da ya shiga ta fata da baki ya shiga.”

 Na san in ni na kai wa Kaka wannan maganar, za ta ce jikarta ce take lallashinta. Ko mahaifina ne ya kai mata, haka za ta ɗauka. Amma tana tuna matar da ta yi salla a ɗakinta, har yanzu takan ce mai ilimi ce, ba ta da girman kai. Na kuma san maganar tana da kaifi biyu, don za ta gane cewa duk shekarun da ta yi tana aika kwanon nan ba su tsare shi daga komai ba. Na auna, na ga wannan ya fi sauƙin ɗauka a kan wanda take ɗauke da shi yanzu.

Direban motarmu yana ta danna ham. Malama ta ce ta so a ce tana da abin da za ta yi mana, amma aikin ya tsaya, ko motar zuwa ba ta da ita yanzu.

Na ce, “Ba aikin nake roƙo ba, Malama. Akwai ƙaramar bas da take zuwa Dangora, daga nan babur ne, ni zan jira ki a tasha. Kakata ta tsufa sosai. Don Allah ki zo ki zauna a gabanta, ki faɗa mata abin da kika faɗa mini yanzu, da bakinki.”