Yadda Aka Sayar da Goshi Don a Gyara Akori-Kura

Wata Laraba da la'asar, cikin bazarar shekarar da nake aji biyar a firamare, aka aiko gida cewa in fito da shanunmu maza, motar Baba ta mutu a hanya. Na kwance Fari da Goshi daga turke, na ɗora musu karkiya, muka bi ta gindin duwatsun Kwatarkwashi har bakin titi. Can na tarar da ita an ɗage mata baki, baƙin mai yana ɗiga a kan kwalta, Baba yana tsaye ya riƙe ƙugu. Muka ɗaura mata igiya muka jawo ta har ƙofar gida, yaran unguwa suna biye da mu suna shewa. Shanun ko haki ba su yi ba.

Motar nan akori-kura ce, kuma ban taɓa ƙaunarta ba. Ƙofar direba da igiyar rama ake ɗaure ta. Ba ta tashi sai an tura, mu kuwa 'ya'yan gida mu ne 'yan turi, kullum da safe kafin mu tafi makaranta. Sai mu isa a makare, kaki duk hayaƙi, malamin da ke tsaron ƙofa ya zane mu sannan ya ba mu tsintar ledoji a fili. Da ita Baba yake kai wa mutane dawa da gyaɗa Mada da Tsafe, amma abin da take kawowa a bakinta yake ƙarewa, yau taya gobe batir. Da ta mutu sai ta fi amfani. Aka ajiye ta ƙarƙashin dalbejiya, kaji suka samu wurin saka ƙwai, Inna ta samu wurin shanya kuɓewa, mu kuma bayan mun gaji da langa da ƙwallon tsumma sai mu shige ciki muna murɗa sitiyari, muna kiran Gusau, Gusau, saura mutum ɗaya.

Shanun su ne abincin gidanmu, kuma ni ne mai kula da su. Da asuba nake zuba musu harawa, in dama musu dusa da kanwa, in kwashe kashi in kai juji, da yamma in kai su rafi. Fari miskili ne, ba ya son wasa. Goshi kuwa, mai farin tabo a tsakiyar goshi, tun yana maraƙi ya saba da ni, har aljihuna yake lalube idan ya ji ƙanshin ƙuli-ƙuli. Da damina su ke yi mana huɗa, idan mun gama tamu Baba ya yi wa mutane su biya shi. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san garmar shanu sai da biyu, sa ɗaya ba ya jan karkiya.

Baba ya yanke shawarar sayar da motar yadda take. Wani mutumin Bungudu ya zo ya zagaya ta, ya leƙa ƙarƙashi, ya yi tayi, ya ce shi zai ji da gyaranta. Saura ƙiris Baba ya sallama sai ga Baffa Isuhu. Ɗan ƙanen kakanmu ne, mutumin da ba a san shi da gona ba, ba a san shi da shago ba, amma kullum rigarsa a goge, hula a karkace, yana yawo tsakanin ƙauye da Gusau yana shiga cinikin da ba nasa ba. Idan yana magana sai ka rantse shi ya ƙera mota. Ya ja Baba gefe ya ce, "Haba Yaya, wa ka taɓa gani ya kai ramammen rago kasuwa? Kiwo a ka yi mishi tukuna. Motag ga ka gyara ta, ta yi kyau, sannan ka faɗi kuɗin da kake so."

Nan ya kama Baba, domin kiwo shi ne cinikin da ya sani ciki da waje. Duk shekara yana sayen rago mai ƙashi a waje, ya ɗaure shi watanni yana ba shi dusa, da Sallah ya sayar da riba. A ganinsa abin da ya yi wa rago zai yi wa mota. 'Yan majalisar ƙofar masallaci kuma suka taya, kowa yana gyaɗa kai yana cewa gaskiyar Isuhu ce. Mutanen da a cikinsu babu wanda ya taɓa mallakar abin da ya fi keke, ranar duk suka zama masanan inji. Baba ya koma ya ce wa mutumin Bungudu albarka.

Bakaniken da Baffa ya kawo daga Gusau ya ce sai an sauke inji gaba ɗaya, kuma kuɗin da ya faɗa babu su a gidan. Rumbu ba ya taɓuwa, abincin shekara ne. Baffa bai ko yi jinkiri ba, ya ce a sayar da sa ɗaya, a gyara mota, a sayar, a sayi wanda ya fi shi tun kafin ruwan shuka. Inna tana bakin murhu, ba ta cika sa baki a maganar maza ba, amma ranar ta ce, "Malam, mota fa ba ta ƙiba." Baffa ya yi dariya ya ce mata ba su san ciniki ba. Aka zaɓi Goshi saboda ya fi cika ido, wato wahalata ce ta ja masa. Ranar kasuwar Tsafe ya ƙi hawa motar shanu, aka yi ta dukansa ya ƙi, sai aka ce in zo in ja shi. Na riƙe igiya na hau gaba, ya biyo ni salin-alin. Na sauko na bar shi a ciki, na tafi bayan rumbu na yi kukana.

Aka ja motar zuwa Gusau, gyaran da aka ce na mako ɗaya ne ya ci fiye da wata. Baffa ne ɗan aike, kullum zai dawo da sabon labari, an buɗe an ga wani abu ya cinye, sai an sake wani ƙarfe, sai an ɗan watsa mata fenti don ido. Da ta dawo kuwa ta yi sheƙi, tana tashi da makulli ba turi. Masu saye suka riƙa zuwa, sai dai tayinsu bai wuce na mutumin Bungudu da wani abin kirki ba. Ɗaya ma cewa ya yi motar da aka taɓa buɗe wa inji shi tsoronta yake ji. Aka nemi mutumin Bungudu, ashe ya riga ya sayi wata. Baba yana ta cewa albarka, albarka, har ruwa ya sauka, kuɗin shanun huɗa ya tashi sama.

Sai ga Baffa Isuhu da sallama, ya zauna a kan tabarma yana jan carbi, fuska cike da tausayi. Ya ce, "Yaya, ban iya ganin ka cikin halin ga. Bari in rufa maka asiri in karɓe ta, don zumunci." Ya biya abin da bai fi tayin farko ba. Ban san inda ya samo kuɗin ba, kuma ban ce ya shirya abin tun farko ba, Allah ne ya sani. Na dai san ya samu mota mai gyararren inji da kuɗin matacciya. Kuɗin kuma ba su isa sayen wani sa ba, suka narke a taki da cefane.

Daminar nan da galmar hannu muka yi huɗa, ni da Baba da yayyena, har tafin hannuna ya fashe. Maƙwabcinmu ya ara mana sansa ɗaya bayan ya gama tasa gonar, lokacin ciyawa ta riga ta ci ƙarfin rabin tamu. Muna duƙe a cikin kunya sai mu ji hon daga titi, Baffa ne ya ɗebo fasinjan Mada, ya zuro hannu ta taga yana cewa sannunku da aiki. Baba ya ɗago ya amsa masa da yawwa, kamar ba komai. Ni ban taɓa amsawa ba, kuma tun ranar na raina mutumin nan, rainin da har yau bai ragu ba. Hatsi bai kai mu wata kaka ba, aka sayar da Fari aka sayi dawa.

Yanzu a Gusau nake zaune. Bara da zan rabu da tawa tsohuwar motar, abokai suka ce in gyara ta tukuna ta fi daraja, na ce Allah ya ba su lada, na sayar da ita yadda take. Baffa Isuhu yana nan da ransa, ya tsufa, yana zama a ƙofar masallaci yana ba yara labarin yadda ya taimaki mahaifina a shekarar da ya shiga matsi. Idan na je gida da Sallah nakan durƙusa in gaishe shi, don haka Baba ya koya mana, amma ba na zama. Turken yana nan a tsakar gida, 'ya'yan yayana suna jingina babur a jikinsa, ba su san abin da aka kafa shi dominsa ba. Baba ya rasu bai sake haɗa shanu biyu ba.