Mai Duba Saƙon Na'ura

A tashar Malumfashi, Malam Labo, manomin Ƙarfi, yana jiran mota ta cika, idonsa na kan wata baƙuwa. Tana zaune a kan buhun masara da kwamfuta a cinya, leɓunanta na motsi kamar mai tilawa.

Can ta ɗago. "Baba, akwai na'ura mai ba manoma shawara ta waya. Ni nake duba bayanin da ake rubuta mata a kan kayan aikinta na cikin kwamfuta, don da bayanin take aiki. Wannan ya ce, 'Yana faɗin ranar shuka.' Da kai aka ba wannan saƙon, ya ishe ka?"

"Shukar me, 'yata? A tudu ko a fadama?"

Ta kalli hadarin da ke haɗuwa a gabas. Labo ya hango kantar fartanya a tafin hannunta, alamar 'yar manomi ce. Wataƙila ta taɓa ganin irin mahaifinta ya ƙone a ƙasa, shekarar da ruwan farko ya yaudare shi.

Ta goge layin. Har motarsa ta tashi tana nan, tana sake rubutawa a hankali kamar mai zuba iri a rami.