Uwar Sauro a Taron Masana

Shekara ashirin da shida ta yi tana kiwon sauro a wata cibiyar bincike, har sunanta na yanka ya ɓace, kowa sai Uwar Sauro. Ɗakin aikinta na can ƙarshen baranda, mai ɗumi da danshi, ga keji-keji na raga a jere bisa kantoci, ga farantan ruwa da tsutsotsin sauro ke wutsil-wutsil a ciki. Kullum da safe takan jiƙa auduga da ruwan sukari ta ɗora musu, ta tsince matattu, ta rubuta zafin ɗakin. Mijinta, tsohon direba, yakan ce duk duniya kashe sauro ake yi, shi kaɗai ya auro mai yi musu reno.

Karatunta bai wuce sakandare ba, amma akwai ta da tambaya. Duk ɗalibin da ya shigo ɗaukar sauro sai ya faɗa mata abin da zai yi da su kafin ya fita. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne taron shekara-shekara na ƙungiyar masana ƙwari. Me mutum zai yi kwana uku yana faɗa a kan sauro? Ta taɓa karɓo fom ɗin shiga ƙungiyar, ta ga daga suna sai digiri, sai ta ninke shi ta mayar.

Ana nan aka zaɓi wata Dakta sakatariyar ƙungiyar. Uwar Sauro ce ta koya mata bambance mace da namijin sauro tun tana ɗaliba. Dakta ta duba rajista ta ga mambobi wajen ɗari huɗu, babu ma'aikacin ɗakin gwaji ko ɗaya, mata kuma ba su taka kara sun karya ba. Ta kai maganar gaban kwamiti. An yi zama biyu ana ja-in-ja, wani dattijon farfesa ya dage cewa darajar ƙungiyar za ta zube. Daga ƙarshe aka buɗe wa ma'aikata ƙofa, aka kuma yarda kowa ya yi magana da harshen da ya iya, a sa masa tafinta.

"Inna, bana da ke za a je," in ji Dakta.

"In riƙe muku jaka?"

"Magana za ki yi. Minti goma."

A zauren taron ta zauna gaba-gaba tana rarraba ido. Rabin bayanan sun wuce ta, amma hotunan duk ta gane su. Ta yi mamakin ganin ashe manyan ma musu suke yi, wani har da gyangyaɗi. Da aka kira ta, ta faɗi abin da ta daɗe da lura: in aka wanke faranti da sabulu, kome ɗauraya, tsutsotsin ba sa girma sosai. Ita ruwan zafi zalla take sawa.

Dattijon farfesan nan ya ɗaga hannu, ya ce shekara biyu ke nan sauron da suke kiwo ke mutuwa, sun rasa dalili.

"Ranka ya daɗe, da me kuke wanke farantan?"

 Bai sani ba. Zauren ya ɗauki dariya, shi ma ya dara, ya ciro waya ya tura wa ma'aikacinsa saƙo nan take. Amsa ta dawo: sabulu ne.

Da shekara ta zagayo ma'aikata goma sha ɗaya suka halarta, ciki har da ma'aikacin farfesan, wanda ashe kurma ne. Lokacin hutun rana aka neme shi aka rasa, sai can aka gan su a kan benci, shi da Uwar Sauro, suna miƙa wa juna takarda da biro, suna gardama a kan yawan danshin da ƙwan sauro ke so.