Rubutun Jikin Kwalba

Har yau ban manta da wata ranar damina ba, zamanin Turawa, ina aiki a ɗakin shan magani na En'e, wato hukumar gargajiya, a Rano. Aikina shi ne wanke kwalabe da shigo da mata. A lokacin ban iya karatu ba, sai daga baya na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Ƙa'idarmu ita ce Malam Sule, malamin asibiti, ya duba mara lafiya, ya zuba magani a kwalba, ya rubuta yadda za a sha a 'yar takarda da tawada. Ni kuma in liƙa da ƙaro.

Wata tsohuwa daga Rurum, Iya Hanne, ta kawo jikarta Ladi, zazzaɓi ya kwantar da ita. Malam ya zuba kwinin, ya rubuta cokali ɗaya sau uku a rana, ya karanta wa tsohuwar da sauri don mutane na jira.

Bayan kwana uku ta dawo da yarinyar a goye, ko ido ba ta iya buɗewa. Kwalba a cike take, takardar kuwa fara fat.

Malam ya ce, "Iya, ina rubutuna?"

Ta ce, "Ta shanye, Malam. Sau uku na wanke mata, yadda ka ce. Na ukun ne dai bai yi baƙi sosai ba."

"To ruwan kwalbar fa?"

"Mai ɗacin nan? Ta tofar. Na ce ba komai, tunda ga rubutu."

Malam ya cire hula, ya duba cikin hular, ya mayar.

Na zaunar da ita na ce, "Iya, wannan ba aya ba ce, saƙo ne aka ba ki." Na ɗura wa Ladi cokali ɗaya a gabanta, na bi da ɗan zuma. Sannan na ɗaura zare a wuyan kwalbar, ƙulli uku: asuba, azahar, magariba. Na sa ta maimaita.

Da mako ya zagayo Ladi ta shigo da ƙafarta. Iya ta yi godiya, ta ce, "Malam, a ƙara mana rubutun ma, a haɗa."

Ku 'ya'yana da kuke aikin asibiti yanzu, matar nan ba ta saɓa umarni ba, ta bi shi ne yadda ta gada. Tun daga ranar ban sake barin mace ta fita da kwalba ba sai na ji daga bakinta abin da za ta yi idan ta isa gida.