Ɗinkin Da Ke Cikin Idona

Kaina na kan cinyar tsohuwar, Gwaggo ta danne mini hannuwa, rana na dukan fuskata, sai na ji tsohuwar ta kurkure baki ta tofar. Harshenta za ta sa mini a ido. Ni na roƙa fa, ba wanda ya tilasta ni. Amma da na ji yatsunta sun ɗaga fatar idon, sai maganar likita ta faɗo mini: ko ruwan wanka kar ya shiga idon nan.

"Kaka, tsaya."

"Ji rago. Haka za ka yi mini ranar aurenmu? Kwanta, maigida."

Ni ɗan kabu-kabu ne a Zinder. Tun da na bar lakol, makarantar boko, ban san wata sana'a ba sai haya da moto, wato babur. Wata rana a garaji batir ya fashe, ruwansa ya watso mini a idon hagu. Ciwon ya warke, amma hakiya ta rufe idon, fari fat. Mace za ta tsayar da ni a bakin gudron, titin kwalta, ta kalli idon, ta ce bari kawai, ta fasa tafiyar.

Yayana ne ya ji labarin wasu likitoci da suka zo Yamai, ya kai ni. Suka ce za su yanke gaban idon da ya lalace, su ɗinka na wani mamaci wanda ya ba da nasa kyauta. Ni abin da na fahimta, kamar canza gilashin fitilar moto ne. A cire fasasshe, a sa sabo, ka kunna ka wuce.

Da aka buɗe bandejin, ina! Kamar ina leƙen duniya ta cikin ledar ƙosai. Haske na shiga, amma komai ya narke. Likita ya ce haka yake, sai an yi watanni, wani ma har shekara. Maganin ɗigawa safe, rana, yamma. Ba murza ido, ba ɗaukar kaya, ba moto.

Ba moto! Ina zaune a ƙofar gidanmu a Kara-Kara, duk wadda ta wuce na san ta wane ce tun daga kukanta. Da innata ta ga na fara zagaya tawa ina shafa ta, sai ta ɓoye makulli ta tura ni Gidimuni wurin Gwaggo, ƙanwar babana.

A can kullum da safe sai in fita bakin tafki, in rufe idon dama da tafin hannu, in kalli dabinai da na hagu. Dunƙulen kore kawai. Gobe ma haka. Wata rana in ga kamar ya ɗan washe, washegari ya koma. Har na fara cewa a raina ko mamacin mai idon tun asali ba ya gani sosai.

Sai na tashi da wani abu yana suka na a ciki, kamar ƙwayar rairayi. Hawaye, ja, ga ƙaiƙayi. Gwaggo ta ce ai maƙwabciyarta tana cire irin wannan da harshe, ƙaiƙayin gero ne, tsakuwa ce, lasa ɗaya ta tofo maka a hannu. Sana'arta ta ainihi ɗinkin ƙwarya, amma har daga wasu ƙauyuka ake kawo mata ido. Zinder da nisa, randebu ɗina da likita da saura. Na ce mu je. Har a raina ina tunanin wataƙila abin da ke tare mini gani ke nan, ta cire in huta.

To, ga ni a cinyarta. Ta buɗe idon, ta juya kaina wajen rana, ta sunkuyo har ina jin ƙamshin goronta. Na ƙanƙame jiki ina jiran harshe.

Harshen bai zo ba.

"Wa ya yi wannan?" Muryarta ta sauka ƙasa. Ta kira Gwaggo. "Sake shi, zo ki gani. Ɗinki ne."

"Ai na faɗa miki an yi masa aiki."

"Kin ce aiki, ba ki ce ɗinki ba. Dubi. An zagaye shi kamar bakin faifai. Zaren bai kai gashin jariri ba." Ta sake matsowa. "Tun ina budurwa nake ɗinke ƙwarya, da tsinke da zaren kaba. Wannan da me aka huda? Maigida, hannun mutum ne ya yi?"

Na ce mutum ne, da madubi a gabansa. Na ce abin da ke tsakiyar ɗinkin kuma na wani ne da ya rasu.

Ta sake ni a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Ta yi salati. Ta daɗe tana kallona.

"Na mamaci? Shi ne ka kawo mini in lasa? Ai ba naka ba ne kai kaɗai." Ta goge hannu da zane. "Ba rairayi ba ne. Kan zare ɗaya ne ya tashi, shi ke sukarka. In na ja, ban san me zai biyo shi ba. Tashi ka koma wurin mai allurar."

Ni duk watannin nan ban taɓa ganin ɗinkin ba. An faɗa mini, ya shiga nan ya fita nan. Sai na ciro waya, na tsaya a rana, na ɗauki hoton idon, na buɗe shi da yatsu. Na kalla da idon dama.

Wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Ƙananan layuka baƙaƙe a jere, sun kewaye, kowanne ya nufi tsakiya. A tsakiyar kuma wata 'yar da'ira, wurin da a baya yake fari fat. Wannan ɗan abin ya taɓa kallon uwar wani. Ya ga garin da ban sani ba. An binne mai shi, shi kuma ga shi nan a fuskata yana hawaye, a Gidimuni, kusa da turken akuya.

Ranar na hau mota na koma Zinder. Likitan ido da ke mini kontirol a Zinder ya sa haɓata a kan na'urarsa, ya haska, ya zare zaren da ɗan hantsaki. Ya nuna mini a kan auduga, da kyar na gano shi. Da na ba shi labarin harshe sai ya ajiye hantsakin.

"Ƙanena, da miyau ya shiga ramin zaren nan, da yanzu wata magana muke." Ya ce idon ya riga ya fusata, zai iya ƙin baƙon ya sake yin fari. Ya ƙara mini magani, ya ce sai mun gani.

Na tambaye shi idon na waye. Ya ce ba wanda ya sani, a ƙaramar kwalba ake kawowa, cikin sanyi, ta jirgi. Namiji ne, mace ce, Musulmi ne, Kirista ne, oho. Na ce to yaya zan yi masa addu'a? Matar da ke ɗiga mini magani, Kirista ce, ta ce, "Kai yi irin taka, ni in yi irin tawa. Ɗaya dai za ta same shi."

Na zauna a gida. Wannan karon ba wanda ya ɓoye mini makulli. Jan ya ja baya kaɗan kaɗan, ina ta duba hoto ko fari ya dawo. Bai dawo ba.

Wata safiya ina zaune a zaure, motota na jingine da bango, na rufe idon dama kamar yadda na saba, ba don ina sa ran komai ba. A da, ƙafar gaban moton nan baƙin zobe ce kawai a idona. Ranar sai na ga siraran ƙarafunan da ke cikinta. Ba tas ba, suna rawa kamar a cikin ruwa, amma ɗaya ɗaya, kowanne ya nufi tsakiya. Na daɗe ban sauke hannuna ba.

Sai na ɗauki waya na yi wa Gwaggo bokal, saƙon murya:

"Gwaggo, ina kwana. Don Allah ki kai wayar nan kunnen Kaka. Kaka, maigidanki ne. Zaren ne, kamar yadda kika ce, an cire. Idon bai yi fari ba. Yau na ga ƙarafunan ƙafar moto da shi. Ban hau ba, wallahi, kallo kawai nake. Likita ya ce da saura, ina jira. In kin yi salla ki sa mai idon a addu'a, ba mu san sunansa ba. Kuma ki ajiye mini ƙwarya ɗaya da kika ɗinke, in na zo ina so in ga naki ɗinkin da idon hagu."